Malama Rabi Ba Ta Ga Fuluto Ba

A wannan watan ne yayata, Malama Rabi, ta cika shekara huɗu da rasuwa. A nan Alƙahira Allah ya karɓi abarsa, a wani gidan haya a unguwar Dokki, a nan kuma muka yi mata sutura. Tun da na fara rubutu a wannan fili ban taɓa ambatonta ba, duk da na san a cikin masu karatu akwai mata da yawa daga Funtuwa da kewayenta da suka wuce ta ajinta. Abin da ya motsa ni bana wani hoto ne da duniya ta gani a goman ƙarshe na azumin da ya wuce, hoton Fuluto, 'yar duniyar nan mai sanyi da ke kewaya rana daga can nesa. A duk mutanen da na sani babu wanda ya yi ɗokin ganin wannan hoto kamarta, kuma ba ta gan shi ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Ita ta goya ni, ita ta koya mini haɗa baƙi, don haka har ta bar duniya ban taɓa kiranta da sunanta ba, Yaya nake cewa. Ta yi shekaru tana koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a a aji, kullum gefen hijabinta da farin alli. Amma ɗalibanta sun san akwai rana ɗaya a shekara da take sakewa, ranar da za ta fito da su fili ta jera musu duniyoyin da ke kewaya rana. Sai ta ajiye kabewa a bakin ofishin shugabar makaranta ta ce wannan ita ce rana. Ta raba wa yara lemo da goruba da gyaɗa, kowace ta riƙe duniyarta ta yi ta tafiya har sai an ce ta tsaya. Ta ƙarshe ƙwayar gero guda ake ba ta, ita ce Fuluto, kuma ita sai ta fita ƙofar makaranta gaba ɗaya, ta tsaya a bakin titi wajen mai awara. Saboda awarar nan rububin Fuluto ake yi.

A shekarar 2006 masana taurari suka taru suka cire Fuluto daga jerin manyan duniyoyi. Dalilinsu shi ne an fara gano wasu irinta a bayanta, na dutse da ƙanƙara, har da wadda ta kusa kai ta girma. In an bar Fuluto a jeri, dole a shigar da su su ma. A ɗakin malamai aka yi ta tsaki, ana cewa Turawa sun sake canza magana, jiya tara yau takwas, me za a gaya wa yara. Yaya ita murna ta yi. Da ranar fita fili ta zagayo, sai ta cika wa yarinyar ƙarshe tafin hannu da gero, ta ce ta je bakin titi ta watsa. Ta gaya wa ajin cewa ba a rage musu komai ba, ƙari aka yi musu, domin wurin da ake zaton nan ne ƙarshen gari ashe farkon wata unguwa ce da ba a san yawan gidajenta ba.

A tsakiyar 2011 aka kawo ta Masar. Ciwon daji ne a ciki, wanda aka daɗe ana yi wa maganin gyambon ciki kafin a gane shi. Ni a lokacin ina karatun shari'a, ina zaune a Darrasa tare da wasu ɗalibai 'yan'uwana, a wani lungu da ke cike da shagunan littattafai. Garin bai gama lafawa daga juyin juya halin da aka yi a farkon shekarar ba. Ranar Juma'a sai ka tambaya kafin ka hau mota, don kada ka faɗa cikin zanga-zanga. Mijinta, Malam Isa, ya rako ta, ya zauna har aka fara magani, sannan ya koma saboda aiki da yara uku da suka bari a gida. Ni na tattara littattafaina na koma Dokki, kusa da asibitin, na zama ɗan jinya.

Maganin ta jijiya ake ɗura mata, a huta, a sake. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo ya san kwanakin da ke biyo bayan ɗurin: amai, kasala, baki ba ya jin ɗanɗanon komai. Daga nan sai a samu 'yan kwanakin sauƙi kafin a koma. Waɗannan kwanakin sauƙin su suka fi damunta. Macen da ta saba tsayuwa a gaban aji tun safe, ga ta a hawa na sama a garin da ba ta san kowa ba, ba abin da take ji sai hon ɗin motoci da mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa a ƙasa.

Wata safiya na dawo daga sayo gurasa na tarar ta buɗe kwamfutata tana karanta wani abu, fuskarta a washe. Ta ce in zauna. Ta bayyana mini cewa a farkon shekarar da aka sauke Fuluto, Amurkawa sun harba wani kumbo marar matuƙi zuwa gare ta, kuma sai 2015 zai isa. In ya isa ba tsayawa zai yi ba, wucewa zai yi gaba. Masu kumbon suna son su karkata shi ya bi ta gefen ɗaya daga cikin ƙananan duniyoyin nan na baya, amma ba a ma gano wadda ke kan hanyarsa ba tukuna. Sun ɗauki hotunan wannan yanki na sama da manyan madubai na hangen nesa, hotuna masu yawan da ba za su iya dubawa su kaɗai ba, shi ne suka zuba su a intanet suka ce duk mai ido da lokaci ya taya su nema.

"Ido dai ina da shi," in ji ta. "Lokaci kuma yanzu ya yi mini yawa."

Aikin ba shi da ƙawa ko kaɗan. Ni na zaci zan ga taurari masu launi irin na jikin kalanda. Abin da ke fitowa wani fili ne toka-toka mai tabo baƙi da fari, kamar bangon da damina ta ci. An ɗauki hoton wuri ɗaya a lokuta daban-daban, kwamfuta ta goge duk abin da bai motsa ba. Tauraro ba ya gusawa daga wurinsa, don haka sai ya goge, ko ya bar ɗan tabo. Abin da ya gusa kuwa sai ya rage, ɗigo fari mai kewaye sumul. Shi ake nema. In ka gan shi ka zagaye shi, ka wuce na gaba. Yawancin hotunan babu komai a cikinsu. Amma duk ranar da jiki ya bari, in ta idar da sallar asuba ta gama karatunta, za ta jawo kujera bakin taga, in kawo mata shayi da na'ana'a, ta zauna har hantsi ya take. Ina gefe ina haddar darasina, ita tana zagaye ɗigo. Wani lokaci sai ta yi magana da hoton kamar yadda take yi wa ɗalibar da ta kama tana satar amsa.

A cikin azumin shekarar aka sake yi mata hoton ciki. Likitarta wata Bamisriya ce mai saurin magana, amma ranar sai ta yi ta kewaye-kewaye, tana zancen canza magani da ƙara haƙuri. Yaya ta katse ta, ta tambaye ta ko a ganinta na likita za ta kai shekara huɗu. Likitar ta ce rai a hannun Allah yake. Yaya ta ce ta sani, ba abin da ke hannun Allah ta tambaye ta ba, abin da ke cikin hoton take tambaya. Likitar ta girgiza kai. Can ta tambaya me ya sa huɗu, ko akwai wani biki da ake jira. Yaya ta ce babbar 'yarta Nana za ta gama sakandare a shekarar, sannan akwai wani kumbo da zai isa Fuluto. Likitar ta dube ni don ta tabbatar ta ji daidai. Na ce daidai ta ji. Ta dafa hannun Yaya ta ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri.

Muka koma gida. Yaya ta shiga ɗaki ta rufe, na ji kukanta ta bayan ƙofa, kuma a duk zamanmu wannan ne kaɗai karon da na ji shi. Da la'asar ta fito ta yi alwala ta yi salla, ta kira Malam Isa suka daɗe suna magana. Washegari da safe tana bakin taga.

Bayan ƙaramar salla Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ta iso. 'Yar kasuwa ce, takan zo saro abaya da mayafai a kasuwar Ataba, wannan karon ta sauka a wurinmu don ta taya jinya. Ta yi 'yan kwanaki tana kallon Yaya da kwamfuta. Wata rana dai ta kasa haƙuri.

"Rabi, ke malama ce, ba ni zan gaya miki ba," in ji ta. "Wanda ke cikin halin da kike ciki, carbi ya kamata a gani a hannunsa."

Yaya ba ta ji haushi ba. Ta ɗaga hannunta na hagu ta nuna mata carbin da ke naɗe a ciki, ta ce wannan hannun yana aikinsa. Sannan ta matsa mata a kujera ta nuna mata hotunan. Gwaggo ta tambaya ko akwai mutane a can. Yaya ta ce babu, sanyin wurin ya wuce misali, rana ma daga can kamar wani babban tauraro ake ganinta. Gwaggo ta tambaya ko akwai zinariya. Yaya ta ce ba a sani ba, in ma akwai ba mai iya ɗaukowa. Gwaggo ta ce to me za a yi da abin in an samo shi.

"Ba abin da za a yi da shi, Gwaggo. Allah ne ya halicce shi, ya ajiye shi can yana ta kewayawa tun kafin a yi mutum, ba wanda ya taɓa ɗora ido a kansa. Ni dai in na zauna ina dubawa sai in ji ciwona ya koma daidai girmansa. Kuma tasbihin da nake yi a nan ya fi wanda nake yi ina kwance ina kallon rufin ɗaki."

Gwaggo ba ta ce ta gamsu ba. Har yau in zancen ya taso cewa take boko ne ya yi wa Rabi yawa. Amma ranar da ta dawo daga Ataba, a saman ƙunshin mayafanta akwai tabarau na karatu da wani matashi mai tauri na jingina baya. Ta ajiye su a kan kujerar bakin taga, ta wuce madafa ba ta ce na waye ba.

Ba a daɗe ba Yaya ta samu ɗigonta. Ina wanke-wanke ta ƙwala mini kira. Ga shi fari, kewayayye, shi kaɗai a gefen hoton, daidai yadda aka kwatanta. Ta zagaye shi, ta kai shi zauren da masu aikin sa kai suke tattaunawa, wasu daga ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba suka ce su ma sun ga alamar shi ne. A kwanakin da suka biyo baya ta ci abinci fiye da yadda ta ci tun zuwanta. Har miyar kuka ta nema, na bi ɗakunan ɗalibai a Darrasa sai da na samo mata kuka da daddawa. Muka yi ta wasa da sunan da za a raɗa wa abin, Gwaggo ta ce tunda ita ta sayi tabarau, Asabe za a sa.

Daga baya ɗaya daga cikin masanan ya amsa. Ya ce ba duniya ba ce, wani tauraro ne mai nisa da haskensa ke ƙaruwa yana raguwa, shi ya sa bai goge ba. Na zaci abin zai karya mata gwiwa. Ta karanta amsar a tsanake, ta tambayi mutumin yadda ake bambance su, ya yi mata bayani, ta gode masa. Ta juyo ta ce mini yanzu ta san fuskar wannan maƙaryacin, ba zai sake yaudararta ba. Ta gyara tabarau ta buɗe hoto na gaba. Na ga malamai da yawa a rayuwata, na gida da na nan, amma ban ga wanda ya karɓi gyara cikin sauƙi irin na wannan safiya ba.

Da babbar salla ta matso jikin ya rikice. An yi shirin mayar da ita gida ta ga yara, likita ta ce ba za ta iya zaman jirgi ba sai ta ɗan farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba. Malam Isa ya iso ya same ta da sauran magana. Yaran kuwa a waya kawai suke jin ta, muryar kullum ƙara dusashewa take. Da idonta ya daina tsayawa a kan hotunan, ta ce in rufe kwamfutar, khalas, wato shi ke nan, ta yi nata, wasu su ci gaba. Ba ta sake tambayarta ba. Da hantsi ta cika, mijinta na riƙe da hannunta yana laƙƙana mata kalmar shahada. Ɗalibai 'yan Najeriya da na Nijar suka cika motoci daga Darrasa, yawancinsu ba su taɓa ganinta ba, suka raka ta har maƙabartar da ke bayan gari.

Kumbon ya isa a kan lokacinsa. Ina cikin wani shagon littattafai a Darrasa da rana, wani abokina ya miƙo mini wayarsa. Ga Fuluto cif a cikin hoto, mai launin ƙasa-ƙasa, da wani faffaɗan fili mai haske a ƙirjinta wanda kowa ya ce ya yi kama da zuciya. Na tsaya riƙe da wayar ina ta kallo, har mai shagon ya zaci azumi ne ya taɓa ni, ya turo mini kujera. A kwanakin da suka biyo baya wasu hotunan suka iso, da duwatsun ƙanƙara da filaye masu santsi, masanan da kansu suka ce ba haka suka zata ba. Ina jin wannan ne zai fi faranta wa Yaya rai. Ba abin da take so kamar ta ga mai ilmi ya yi mamaki a bainar jama'a.

Akwai abin da ya kamata in faɗa don kada in yi wa labarin ado. Neman da su Yaya suka taya yi bai samo duniyar da kumbon zai iya kaiwa ba. An ga wasu, amma duk sun kauce wa hanyarsa. Sai bara aka samo wadda ta dace, da wani madubin hangen nesa da ke shawagi a sama da iskar duniyarmu, kuma yanzu can kumbon ya nufa. Babu wani abu a sararin samaniya da ke ɗauke da sunan Rabi. Na sha tambayar kaina me za ta ce da ta ji haka, ita da ta ba wa wannan aiki safiyoyinta na ƙarshe. Iya sanin da na yi mata, tambayar farko da za ta yi ita ce yaya madubin ya yi ya gan ta, ta biyu kuma yaushe za a isa. Haka nan da ta ji cewa a bara an sanar da wata 'yar duniyar da ta fi waɗannan nisa sosai, har wasu masana suna zargin akwai wata babba da ke ɓoye a can tana jan su, na san ba za a yi wata hira a gidanta ba sai wannan, ko masu gidan suna so ko ba sa so.

Akwai kuma abin da nake gode wa Allah da bai nuna mata ba. A shekarun nan huɗu an kai wa makarantu hari a ƙasarmu, an ƙona azuzuwa, iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu mata saboda tsoro, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Da tana raye ba na jin za ta yi dogon jawabi. Hijabinta za ta saka ta bi gida-gida.

Nana ta gama sakandare bana, kamar yadda uwarta ta lissafa. Ba taurari ne a ranta ba, aikin jinya take son karanta. A watan jiya Gwaggo ta taho da ita Alƙahira don ta ziyarci kabarin. Bayan mun yi addu'a mun juyo, Nana ta ce in kai ta ta ga gidan. Muka tsaya a ƙasa, a wancan titin na Dokki, na nuna mata tagar. Wasu ne a ciki yanzu, sun shanya kayan yara.

Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Kawu, a wannan ɗakin me take yi duk wuni?"

Sai a lokacin na gane ba wanda ya taɓa gaya mata. Tana yarinya aka tafi da uwarta, abin da ya rage mata shi ne muryar nan ta waya. Ta ce shekara huɗu in ta rufe ido, ganinta take kwance ta juya wa duniya baya tana kuka a garin da ba nata ba. A nan tsaye a bakin titi na ba ta labarin duka, da kujerar da shayin da ɗigon da miyar kukar. Ban ɓoye mata ranar da ta yi kukan ba, na kuma gaya mata ita ce farkon abin da uwarta ta ambata a gaban likita. Gwaggo ta ce, "Uwarki har ni ta so ta mayar ɗaliba." Nana ta tambaya ko ta samo ko ɗaya. Na ce ba ta samo ba. Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta ce in dai haka ta zauna, ita hankalinta ya kwanta.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya, ba zan nuna sama ba. Zan nuna matan da ta koyar, waɗanda yau wasu malamai ne, wasu ungozomomi, wasu iyaye a gidajensu. Zan nuna yarinyar da ta koma Funtuwa da wata uwar daban da wadda ta zo da ita a zuciya, uwar da aka gaya wa gaskiyar kwanakinta, ta yi kukanta, ta yi sallarta, ta koma neman sanin abin da Ubangijinta ya halitta har idonta ya gaza. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya nuna mata daga cikin halittarsa abin da idonta bai kai gare shi ba.